Bidiyon gem da na kimiyya a YouTube: yaro na ƙaruwa ne ko ɓata lokaci yake?

Kawun Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka fi ni sanin harkar waya da intanet.

Akwai ɗan yayata da ke hannuna tun bayan rasuwar mahaifinsa. Shekararsa 13, yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Ni tela ne a nan Zariya. In ya taso daga boko ya je Islamiyya ya dawo, shago yake zuwa ya taya ni guga da sa maɓalli, bayan Magariba kuma sai ya roƙi wayata. Da farko na ɗauka ƙwallo yake kallo. Da na leƙa sai na ga wani Bature a ɗan lungun allo, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, yana ta surutu da ihu, sauran allon kuma gem ne na wasu tubala masu kusurwa huɗu, ana haƙa ƙasa, ana sare bishiya, ana gina gida. Ya ce min sunan gem ɗin Minecraft. Abin da ya ɗaure min kai, ba shi yake bugawa ba, kallon wani yake yana bugawa. Mu da muka taso da gidan gem na unguwa, wanda ba shi da kuɗin karɓar hannu shi ne yake tsayawa a baya yana kallo. To yau ga yaro yana ƙona data don ya tsaya a baya.

Ba gem kaɗai ba. Akwai wani da ya gina wa kurege hanyar tsalle-tsalle a bayan gidansa, akwai wani mai girar ido kauri da kullum wutar lantarki ke jansa yana tsalle, akwai wata ƙatuwar roka da ta dawo daga sama wasu hannuwan ƙarfe suka cafe ta. In ya gama kallo bakinsa ba ya shiru. Rannan ina yankan yadi yake ce min wai a duniyar wata in ka saki guduma da gashin tsuntsu tare za su faɗi ƙasa. Wallahi ina jin daɗin hakan, don yaro ne da tun rasuwar ubansa ba ya son magana.

Amma da aka ba su sakamakon jarrabawa, makinsa na kimiyya yana nan inda yake, lissafi ma ya ɗan sauka. Ya kwance min tsohuwar tocila da rediyon da ta lalace. Yanzu kuma kuɗi yake nema zai sayi maganaɗisu, wai ya ga yadda ake haɗa janareton da ba ya shan mai, zai haɗa min na shago in huta da sayen fetur.

Don Allah masana, wannan kallon karatu ne ko shiririta? Janareton nan gaskiya ne? Kuma waɗanne zan bar shi ya kalla, waɗanne zan hana? Ba na son in ƙwace wayar gaba ɗaya, maraya ne, kuma nan ne kaɗai nake ganin walwalarsa.

Malamar Fiziks ta amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya saka maka da alheri kan riƙon maraya.

Malam, ina koyar da Fiziks a babbar sakandare, kuma irin yaronka ina da su a kowane aji. Su ne na farko wajen ɗaga hannu in an ambaci sararin samaniya, su ne kuma suke tsayawa cak in an ce ga tambaya, a fitar da amsa da alƙalami. Wannan ba laifin yaron ba ne, kuma an yi bincike a kai.

Akwai wata tasha a YouTube mai suna Veritasium, ina kyautata zaton yaronka ya san ta. Mai ita, Derek Muller, digirinsa na uku a Jami'ar Sydney da ke Ostireliya a kan wannan tambayar taka ya yi shi: shin bidiyo yana koyar da Fiziks? Ya ɗauki ɗaliban shekarar farko ya yi musu gwaji kan dokokin motsi, ya nuna musu bidiyo, ya sake yi musu gwajin. Waɗanda aka nuna wa bidiyo mai bayani tsaf, a tsare, sun fito suna yabawa, sun ce sun gane sarai, kuma sun ƙara amincewa da amsoshinsu. Da aka duba maki, kusan bai motsa ba. Wasu kuma aka nuna musu bidiyon da mutum ke fara faɗin kuskuren da yawancin mutane suke ɗauka daidai ne, sannan a yi ta ja-in-ja da shi har a warware. Waɗannan sun ce bidiyon ya rikita su. Amma makinsu ya kusa ninkawa. Dalili kuwa, wanda aka yi wa bayani mai santsi yana saurare ne yana gyaɗa kai, a ransa yana cewa ai dama na sani, alhali abin da ke kansa daban ne da abin da ake faɗa. Sai an fito da kuskuren nasa fili an taka shi sannan yake farkawa. Shi ya sa in ka lura, bidiyoyin mutumin da yawa da tambayar mutane a kan titi suke farawa, a bar su su yi kuskure tukuna.

To ga abin da nake yi a aji, kai ma za ka iya a shago ko da ba ka jin Turancin da suke yi. In an zo dab da nuna sakamako, a tsayar da bidiyon. Ka ce masa, me kake ganin zai faru, kuma don me? Ya faɗa da bakinsa da Hausa. Sannan a ci gaba. In ya canka daidai, madalla. In ya kuskure, ranar ce ya koyi abu.

Maganar guduma da gashin tsuntsu gaskiya ya faɗa maka. A 1971, a tafiyar Apollo 15, David Scott ya tsaya a kan wata gaban kyamara, guduma a hannu ɗaya, gashin shaho a ɗayan, ya sake su, suka taɓa ƙasa tare. Amma ka tambaye shi don me. In ya ce don babu nauyi a wata, to labarin kawai ya ɗauka, bai gane ba. Wata yana jan abu, kusan kashi ɗaya cikin shida na yadda duniyarmu ke ja. Iska ce babu a can. A nan ma nauyi ba shi ke sa guduma ta riga gashi sauka ba, iska ce ke tare gashin. Ku gwada: ka ɗauki littafin da kake rubuta awon mutane, ka yago takardar da ba ta kai faɗinsa ba. Ka sake su gefe da gefe, littafi zai faɗi tim, takarda tana lilo. Sai ka ɗora takardar a saman littafin ka sake su tare. Za ta bi shi ƙasa kamar an manna ta, saboda littafin ya tare mata iska. Kafin ka saki na biyun ka sa ya faɗi abin da yake zato. Manya ma da yawa suna faɗuwa a nan.

Mai kuregen nan Mark Rober ne. Shekara tara ya yi a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, yana cikin injiniyoyin da suka yi aikin motar Curiosity da ta sauka a duniyar Mars a 2012. Ina son bidiyoyinsa don ba ya ɓoye inda abu ya ƙi, yana nuna na farko ya lalace, ya gyara, ya sake. Akwai kuma SmarterEveryDay na Destin Sandlin. Ka sa yaron ya nemo wanda aka yi wa keke dabara, in ka juya kan dama taya ta yi hagu. Mutumin injiniya ne, ya san sarai yadda keken yake, amma sai da ya yi wata takwas yana gwadawa kafin ya iya tuƙa shi, ƙaramin ɗansa kuma ya iya cikin mako biyu. Wannan bidiyon nakan nuna wa 'yan ajina a farkon zango. Kurzgesagt, wadda ake yi a birnin Munich na Jamus da zanen tsuntsaye, tana da kyau ƙwarai, sai dai ita ce ainihin irin mai santsin nan da ke sa yaro ya ji ya sani. Wasu batutuwanta kuma, kamar ƙarshen duniya da asalin halitta, gara ya kalla da babba a kusa wanda zai iya tattaunawa da shi.

Batun maki kuwa, kada ka jira bidiyo ya ɗaga shi. Jarrabawar makaranta, da WAEC da NECO da ke gabansa, lissafi suke nema da hannu, kuma wannan sai an zauna da biro da takarda. Abin da bidiyo ya ba shi shi ne sha'awa, wadda mu malamai muke shan wahala kafin mu dasa ta a zuciyar yaro ɗaya. Tunda lissafinsa ya sauka, ni da zan ba da shawara, aikin gida ya riga waya kullum, kuma ka riƙa duba littafin da idonka.

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Yallaɓai, janareton nan ƙarya ne. Kada ka ba da ko sisi.

Ina gyaran waya a Farm Centre a Kano, kuma ba a daɗewa sai wani ya zo min da bidiyon nan yana cewa in haɗa masa. Kala-kala ne: wani fankar kwamfuta ce aka manna wa maganaɗisu, wani moto biyu ne aka haɗa da bel, ɗaya na juya ɗaya, wani kuma filogin mota ne aka naɗe da wayar tagulla sai ga ƙwan fitila ya kama. Duk batir ake ɓoyewa, ko a ƙarƙashin katakon, ko a cikin gindin ƙwan, ko a zuro siririyar waya ta bayan tebur inda kyamara ba ta gani. Janareto ba ya ƙirƙirar wuta, juya ƙarfi yake daga wani abu zuwa lantarki, ko fetur, ko ruwa kamar na Kainji da Shiroro, ko iska. Kuma kullum abin da zai fito bai kai abin da ya shiga ba, don wani ya tafi a zafi, wani a gogayya. Maganaɗisu yana ja yana turawa, amma abin da ya ba ka a rabin zagaye zai karɓe a ɗaya rabin. Masu bidiyon sun san haka. Kallon da ake yi shi ne kuɗinsu, kuma sun san ƙasashen da ke fama da rashin wuta su ne za su fi dannawa. Haka na cajin waya da lemon tsami ko albasa. Lemon tsami da ƙusa mai tutiya da tagulla yana ba da wajen bolt ɗaya, gaskiya ne, amma ƙarfin da ke gudana bai taka kara ya karya ba, waya kuwa bolt 5 take so da wajen amfiya ɗaya ko fiye.

Amma kada ka ce masa ƙarya ne ka yi shiru, zai ɗauka rowa ce. Kuɗin maganaɗisun ka saya masa ƙaramar mita ta gwajin wuta, irin mai allo da wayoyi biyu ja da baƙi, da 'yan ƙananan fitilun LED, da batiran tocila. Moto kuma ya ciro daga mataccen DVD ko motar wasan yara. Ya haɗa LED da moton, ya murza sandar moton da yatsu da sauri, zai ga fitilar ta ƙifta. In ba ta yi ba ya juya ƙafafunta, don hanya ɗaya take karɓar wuta. To wannan shi ne janareto na gaskiya, man da yake sha kuma yatsunsa ne. Daga nan ka bar shi ya haɗa moto biyu yadda ya gani a bidiyo, ya murza, ya ga da idonsa sun tsaya. Yaron da ya kwance tocila da rediyo ba a tsawata masa, ni ma da haka na fara.

Inda za ka tsaya tsayin daka shi ne wutar gida. Mai girar nan da ka gani Mehdi Sadaghdar ne, tasharsa ElectroBOOM, ɗan asalin Iran da ke zaune a Kanada. Injiniyan lantarki ne, ya san iyakar abin da yake taɓawa, jan da wuta ke masa yawanci shiri ne don ya nuna abin da ba a yi. Shi ma yana da bidiyoyin da yake tona asirin masu janareto mara mai, ka sa yaron ya nema. Amma ɗan shekara 13 tartsatsin yake gani da dariyar. Wutar soket ɗinmu bolt 230 ce, tana kisa. Ka kafa masa doka: duk abin da ake sa wa a soket, ko inbata, ko sitabilaiza, ba ya buɗewa, ko da an zare, don akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta bayan an kashe. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ma haka. Akwai wani salo da aka yi ta yaɗawa na ƙona zane a jikin katako da tiransifomar na'urar ɗumama abinci, wadda ke fitar da wajen bolt 2,000. Mutane da dama sun mutu a kansa a ƙasashen waje, manya ba yara ba. Batirin waya kuma ba a huda shi, ba a lanƙwasa shi, wanda ya kumbura a rabu da shi. Na ga yadda yake kamawa da wuta a kan tebur, cikin ƙiftawar ido ne.

Ni kaina YouTube ya ƙara ni sosai a sana'a, sai dai bidiyoyin da suka koya min aiki ba masu daɗin kallo ba ne. Wani ne a Indiya ko Pakistan ya kafa kyamara a kan madubin ƙara girma, minti arba'in yana bin layin caji da mita, yana narka dalma, ba kiɗa ba ihu. Irin su JerryRigEverything da ke karce allon sabuwar waya ya lanƙwasa ta, ko MKBHD, ko Fisayo Fosudo na Legas, ina kallonsu don in san abin da ke shigowa kasuwa, amma ba su suka koya min cire IC, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke cikin waya, ba. In ya zo hutu ka kai shi wurin wani mai gyara da ka yarda da shi a nan Zariya, ya zauna ko share tebur ne.

Ɗan Jami'a ya amsa:

Baba, ni ta ɓangaren gem zan yi magana, don na ga Malama da Oga sun tsallake shi, kuma nan ne aka fi yi wa yara mummunar fahimta.

Kallon wani yana buga gem daidai yake da zuwa gidan kallon ƙwallo. Wanda ya biya kuɗi ya zauna a benci yana kallon Barcelona ba wanda ke ce masa don me ba ka je fili ka buga da kanka ba. Ana kallon gwani don gwanintarsa, ana kallon wani don barkwancinsa. Ga kuma dalili na biyu da ya shafe mu nan: yawancin wasannin nan, wayoyinmu ba sa ɗaukarsu, kuɗin PS5 kuwa sai wane da wane. Kallon shi ne hanyar da yaro yake shiga duniyar da abokansa na intanet ke magana a kai.

Minecraft kuma a cikin gem ɗin duniya yana daga cikin waɗanda ba za ka damu da su ba. Wani ɗan Suwidin, Markus Persson, ya fara fitar da shi a 2009, Microsoft ta sayi kamfanin a 2014 kan dala biliyan 2.5, an sayar da fiye da kwafi miliyan 300, kuma a ƙarshen 2021 YouTube ta sanar cewa an kalli bidiyoyinsa sau tiriliyan ɗaya. Akwai wani jan gari a cikinsa da ake kira redstone, ana shimfiɗa shi kamar wayar wuta, a haɗa da makunni da fitila da ƙofa. Da shi ake gina ƙofar da ba ta buɗewa sai an danna makunni biyu tare, ko wadda ke buɗewa in an danna ko wanne. Ina karanta kimiyyar kwamfuta, kuma ranar da aka fara koya mana AND da OR da NOT a aji, wato irin waɗannan haɗe-haɗen makunni da kwamfuta ke aiki da su, na riga na san su daga nan, sunansu ne kawai ban sani ba. Akwai waɗanda suka gina kwamfuta sukutum mai yin lissafi a cikin gem ɗin. Ka tambaye shi ko masu redstone yake kallo ko masu ihu da tsokana. In na biyun ne, hira ce kawai, a ɗauke ta a matsayin hira.

A nan nake ɗan saɓawa da Malama, da girmamawa. Ba kowane bidiyo ne za a tsayar a yi masa tambaya ba. Yaron da ya yi boko, ya yi Islamiyya, ya yi guga, yana da haƙƙin ya yi dariya na ɗan lokaci ba tare da an mai da abin darasi ba. In kowane kallo ya zama jarrabawa zai koma kallo a wayar abokai inda ba ka gani.

Wani labarin da zai so: Tetris na tsohuwar na'urar Nintendo, wanda ya fito a 1989, an daɗe ana ganin ba mai wuce mataki na 29 saboda tubalan na zubowa da saurin da yatsa ba ya iya bi. Sai matasa suka ƙirƙiro sabon riƙo, suna kaɗa yatsu a bayan hannun gem ɗin kamar mai kiɗa, suka yi ta koya wa juna ta bidiyo. A Disambar 2023 wani yaro a Oklahoma ta Amurka, Willis Gibson, ya kai mataki na 157 har gem ɗin ya sandare, abin da kafin nan manhajar kwamfuta ce kaɗai ta taɓa yi. Shekararsa 13 a lokacin, sa'an yaronka.

Abubuwan da ni zan ji tsoro daban ne. Gajerun bidiyon nan na Shorts da TikTok da ake shafawa sama ba iyaka, su ne ke cinye awa biyu ka tashi ba ka tuna ko ɗaya ba. Gara ya kalli guda ɗaya na minti ashirin. Sai masu cewa ga yadda za ka samu diamond kyauta a Free Fire ko kuɗin eFootball, danna nan ka sa lambarka. Damfara ce, kuma tunda wayarka ce, manhajar bankinka na ciki. Haka masu cewa a sauke Minecraft kyauta daga wani shafi: na waya na kuɗi ne, na bogin kan zo da ƙwayar cuta. Ka sa wa manhajar banki makulli, kada ka bar katinka a Play Store. Akwai tallan caca da ke biyo bidiyon ƙwallo da gem, akwai masu ashar, akwai kuma hira da baƙi in ya fara buga na intanet. In ya ce zai buɗe tasha ya samu kuɗi, ka sanar da shi kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da mutum a dogayen bidiyo sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. In yana son ya ƙirƙiri gem nasa, akwai Scratch na jami'ar MIT, kyauta ne, da jan tubala ake rubuta shi, amma ya fi daɗi a kwamfuta.

Kawun Yara ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malama, mun yi na littafi da takarda, ya ce takardar za ta tashi sama, da ta bi littafin sai da ya maimaita ya kira yaron maƙwabcina ya nuna masa. Oga, zan nemi mitar ranar da na shiga kasuwa sayen zare.

Saura abu biyu. Data tana cin kuɗi sosai. Sannan Turancin nasu da sauri yake, na lura wani lokaci hoton kawai yake bi. Babu masu yin irin wannan da Hausa ne?

Baban Biyu daga Maraɗi ya amsa:

Malam, gaisuwa daga Nijar. Matsalarmu ɗaya, sai dai mu nan Faransanci ne. Yarana C'est pas sorcier suke kallo, wani tsohon shirin talabijin na Faransa da aka yi daga 1993 zuwa 2014, ana bayanin kimiyya a cikin babbar mota da 'yan samfura na kwali da roba. Yanzu yana YouTube.

Ga yadda nake yi da data. Ba na barin su su kalla kai tsaye. Da dare, lokacin da kamfanonin waya ke sayar da data mai rahusa, nake sauke abin da muka zaɓa tare a cikin manhajar YouTube ɗin, a kan ƙaramin ingancin hoto na 360p, don a allon waya ya isa, kuma bai kai rabin abin da 720p ke ci ba. Washegari in zan ba su wayar sai in kashe data. Da haka kuɗi ya ragu, kuma in bidiyon ya ƙare ya ƙare, babu wani da zai biyo baya ya ja su. Ba kowane bidiyo ne ke yarda a sauke ba, amma da yawa suna yi. In dole sai kai tsaye, ka kashe maɓallin da ke kunna na gaba da kansa.

Na sauri kuma, ka taɓa alamar saiti a saman bidiyon ka mai da gudunsa 0.75, ka kunna rubutun ƙasa. Yana ji yana karantawa, Turancinsa ma zai ƙaru. Ana iya juya rubutun zuwa Hausa da fassarar na'ura, amma a kalmomin kimiyya takan kauce hanya, ni na fi son a bar shi a harshen asali, abin da ya shige duhu a tambayi malami.

Da Hausa akwai masu bayanin waya da manhajoji da yawa a YouTube da TikTok da Facebook, yadda ake saita kaza, wace waya ta fi batir, kuma suna ƙoƙari. Abin da nake nema ban samu yadda nake so ba shi ne mai ɗaukar batir da waya da ƙwan fitila a gaban kyamara, ya tambayi yara me zai faru, ya bari su yi gardama da Hausa, sannan ya haɗa. Malama, ke da Oga mai gyara kun riga kun rubuta bidiyo biyu a nan sama, na littafi da takarda da na moto da LED, waya ɗaya da tebur sun isa a ɗauke su. In kun yi, ko wani ya san mai yi, a ajiye mana sunan tashar a nan, yarana za su kalla.